Anders Zorn: Ɗan ƙauyen da ya bar wa masu zane dabarar haɗa launi da kala huɗu kacal

Fari, rawaya, ja da baƙi. Waɗannan launuka huɗu ne ake kira da sunan Anders Zorn, mai zane ɗan ƙasar Suwidin wanda ya rasu a shekarar 1920.

Sama da shekara 100 bayan rasuwarsa, makarantun koyon zane da dama a Turai da Amurka na sa sabon ɗalibi ya ajiye sauran kalolin da ya saya, ya yi ta aiki da waɗannan huɗu har sai idonsa da hannunsa sun faɗa.

Batun ya shafi matasan da ke cin abinci da buroshi a unguwanni irin su Dar es Salam ta birnin Yamai, masu zana allunan shagunan aski da na tela da kuma hotunan mutane. Fentin zane mai kyau daga waje ake shigo da shi, kuma ba kowa ke iya sayen cikakken jerin kaloli ba.

Rayuwar Zorn ta nuna yadda mutum ke iya yin aiki mai yawa da kaya kaɗan. Ta kuma nuna yadda ɗan ci-rani ya yi shekara 15 a ƙasashen mutane, sannan ya koma gida da abin da ya samo.

Yaron da bai taɓa ganin mahaifinsa ba

An haifi Anders Leonard Zorn ranar 18 ga watan Fabrairun 1860 a yankin Mora da ke lardin Dalarna a tsakiyar Suwidin, yankin dazuzzuka da tafkuna da tsananin sanyi.

A wancan zamani noma ba ya riƙe gida a Dalarna, don haka mata da maza sukan fita ci-rani zuwa birane. Mahaifiyarsa, Grudd Anna Andersdotter, tana cikin masu fita. Ta yi aiki a wata masana'antar giya a birnin Uppsala, inda ta haɗu da wani Bajamushe mai suna Leonhard Zorn, ƙwararre a wannan sana'a.

Iyayen nasa ba su yi aure ba, kuma yaron bai taɓa haɗuwa da mahaifinsa ba. A gonar kakanninsa na wajen uwa ya tashi, a wani ɗan ƙauye da ake kira Yvraden.

Mahaifin ya rasu a Helsinki ta ƙasar Finland a 1872. Sai dai ya amsa cewa ɗansa ne, kuma ɗan abin da yaron ya samu daga gadonsa ya taimaka wajen biyan kuɗin karatu. A wannan shekarar aka tura shi makaranta a garin Enköping yana da shekara 12.

Tun yana ƙarami ya yi suna wajen sassaƙa dawaki da mutane da itace. Saboda haka lokacin da ya shiga babbar makarantar koyon zane da sassaƙa ta masarautar Suwidin a Stockholm a 1875, yana ɗan shekara 15, burinsa shi ne ya zama masassaƙi.

Daga wuƙar sassaƙa zuwa fentin ruwa

A 1876 aka baje kolin ayyukan wani mai zane da ya rasu, Egron Lundgren, wanda ya shahara da fentin ruwa. Abin da Zorn ya gani a wurin ne ya karkatar da shi zuwa wannan fanni.

Fentin ruwa yana da wuyar sha'ani. Ana tsarma shi da ruwa a shafa a kan takarda, kuma farin takardar ne ke zama hasken zanen. Idan hannu ya kuskure, gyaran ba shi da sauƙi, domin ba a iya rufe duhu da haske yadda ake yi da fentin mai.

A 1880 ya nuna wani zane mai suna I sorg, ma'ana cikin makoki, a baje kolin ɗalibai. Hoton wata matashiya ce sanye da baƙaƙen kaya, da siririn mayafi a kan fuskarta. Yadda ya fito da fuskar ta bayan mayafin ya ja hankalin jama'a, kuma daga nan masu hali na Stockholm suka fara kiransa ya zana su da iyalansu.

Ta wannan hanya ya haɗu da Emma Lamm a 1881, ƴar wani gidan attajirai Yahudawa. Sun amince za su yi aure, amma suka ɓoye maganar, domin saurayin ba shi da abin da zai riƙe ƴar irin wannan gida.

A shekarar ce ya bar makaranta ya fita neman kuɗi. Ya je Sifaniya, sannan ya zauna a Landan, inda ya kama wurin aiki yana zana hotunan masu kuɗi. Sai da ya shafe shekara huɗu a waje kafin ya tsaya da ƙafarsa, aka ɗaura musu aure a 1885.

Tafiyar da suka yi bayan auren ta kai su Istanbul, inda zazzaɓin taifot ya kwantar da shi har aka ji tsoron ba zai tashi ba. Da ya warke ya ci gaba da yawo. A 1887 ya taka ƙasar Afirka, ya zauna na ɗan lokaci a babban birnin Aljeriya yana zana mutanen garin da bakin teku.

Paris da Amurka

A lokacin sanyin 1887 zuwa 1888 ma'auratan sun zauna a St Ives, wani garin masunta a kudu maso yammacin Ingila. A nan ne Zorn ya duƙufa kan fentin mai. Ɗaya daga cikin zanensa na farko da wannan fenti, hoton wani masunci a bakin ruwa, an nuna shi a Paris a 1888, kuma gwamnatin Faransa ta saye shi.

Daga 1888 zuwa 1896 Paris ce mazauninsa. A babban baje kolin duniya da aka yi a birnin a 1889 ya samu lambar yabo ta ajin farko, Faransa kuma ta ba shi lambar girmamawa ta Légion d'honneur, alhali bai cika shekara 30 ba.

A 1893 Suwidin ta ɗora masa alhakin kula da ɓangaren zane-zanenta a baje kolin duniya na birnin Shikago. Wannan ce tafiyarsa ta farko cikin bakwai da ya yi zuwa Amurka.

A can ne wata attajira ƴar birnin Boston, Isabella Stewart Gardner, ta sayi zanensa na fasinjojin keken dokin haya na Paris, wanda ya yi a 1892. Ta zama aminiyar iyalinsa, ta kuma buɗe masa ƙofofin manyan gidajen Amurka.

Shugabannin Amurka uku ne suka shiga aikinsa. Ya zana Grover Cleveland a 1899, bayan ya sauka daga mulki. Ya yi hoton Theodore Roosevelt a 1905, sannan William Taft a 1911. Zanen Taft yana cikin kayan fadar White House. A gida kuma ya zana Sarki Oscar na Biyu a 1898.

Hoton Roosevelt ba da fenti aka yi shi ba. Zorn gwani ne a wata sana'ar ta daban, wadda ya koya a Landan a 1882 wajen wani ɗan ƙasarsu, Axel Herman Haig. Ana shafe farantin jan ƙarfe da wani abu mai kama da kaki, a zana hoto a kai da allura, a tsoma farantin a ruwan asid ya ci layukan, sannan a shafa tawada a danna a kan takarda. Zorn ya yi irin wannan aiki 289 a rayuwarsa.

Wannan sana'a ba ta da launi sam, baƙi ne a kan fari. Wanda ya saba da ita dole ya iya auna haske da duhu, kuma wannan iyawa ce ginshiƙin abin da ya yi da fenti.

Allon da ya sa ake maganarsa

A 1896 Zorn ya zana kansa sanye da farar rigar aiki, yana riƙe da buroshi da allon da masu zane ke matsa fenti a kai suna haɗawa. A kan allon ana ganin launi huɗu: fari, rawayar ƙasa, ja mai haske da baƙi. Zanen yana gidan adana zane-zane na ƙasa a Stockholm, kuma shi ne babbar hujjar masu danganta waɗannan launuka da sunansa.

Farin da yake amfani da shi na dalma ne. Rawayar kuma ƙasa ce mai ɗauke da tsatsar ƙarfe, dangin jar ƙasar da ake gani a hanyoyin Yamai. Jan an haɗa shi ne da sinadarin makuri da farar wuta, baƙin kuwa daga ƙonannen hauren giwa ko ƙashi.

Abin tambaya shi ne yadda mutum zai yi zane ba tare da shuɗi ko kore ba. Amsar tana cikin baƙin.

Baƙin ƙashi yana da ɗan sirkin shuɗi a cikinsa. Idan aka haɗa shi da fari, yana ba da ruwan toka mai sanyi. Wannan ruwan toka ba shuɗi ba ne, amma idan aka ajiye shi kusa da ja ko ruwan goro, ido na ganinsa kamar shuɗi.

Wani masanin kimiyyar haɗa sinadarai Bafaranshe, Michel Eugène Chevreul, ya yi bayanin wannan a littafin da ya wallafa a 1839: ido ba ya ganin launi shi kaɗai, maƙwabcinsa na sauya yadda ake ganinsa.

Sauran haɗe-haɗen ma haka suke. Baƙi da rawaya suna ba da kore mai duhu, irin na ganyen da ya sha ƙura. Ja da rawaya suna ba da ruwan goro. Ja da fari suna ba da ruwan hoda. Ja da baƙi suna ba da ruwan ƙasa mai duhu, idan kuma aka ƙara fari sai ya karkata zuwa shunayya mai laushi. Rawaya da ja da ɗan baƙi suna ba da launukan fatar mutum iri-iri.

Amfanin wannan tsari biyu ne. Na farko, tunda duk launukan zanen daga tushe ɗaya suka fito, ba sa faɗa da juna. Na biyu, mai zane ba ya ɓata lokaci wajen zaɓe tsakanin kaloli 20, sai ya mayar da hankali kan tambayoyi biyu: wannan wurin ya fi na kusa da shi haske ko duhu, kuma ya fi shi ɗumi ko sanyi?

Ba Zorn ne ya fara wannan ba. Marubucin Rum, Pliny Babba, ya rubuta cewa Apelles, mai zanen ƙasar Girka da ya rayu a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, da fari da rawaya da ja da baƙi ya yi aikinsa.

A ƙasar Hausa da Barno ma ido ya saba da wannan haɗi. Alarammomi masu rubuta Alƙur'ani da hannu suna rubuta baƙaƙe da baƙar tawada, su yi wasulla da ja, su ɗiga hamza da rawaya, duk a kan farar takarda. Zayyanar allon sauka ma ta dogara sosai kan waɗannan launuka.

Shin da huɗun kaɗai ya yi aiki?

A'a. Bayan rasuwarsa an samu kwanson fenti sama da 200 a ɗakin aikinsa da ke Mora, kuma akwai shuɗi da dama a ciki.

Ayyukansa ma sun tabbatar da haka. Ya shahara da zanen ruwa da yadda haske ke wasa a kansa, kuma a irin waɗannan zane-zane ana ganin shuɗi da kore na gaske. A zanensa na 1897 mai suna Midsommardans, wanda ke nuna ƴan ƙauye suna rawar bikin tsakiyar bazara, akwai ciyawa kore da tutar Suwidin mai shuɗi da rawaya.

Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne launuka huɗun su ne gindin aikinsa, musamman a hotunan mutane da yake yi a cikin ɗaki, sannan ya ƙara wani launi idan aikin ya nema.

Wannan ma darasi ne ga mai koyo. Launuka huɗun za su fitar da fuskar mutum baƙar fata, da ganuwar laka, da hazon hunturu, da jan ruwan Kogin Isa a watan Agusta. Amma ba za su ba da shuɗin rawanin Buzaye ba, ko koren tutar Nijar. A nan dole a nemo kala ta biyar.

Yadda ake koyi da shi a yau

Masu koyarwa sun sauya biyu daga cikin launukan saboda guba. An maye gurbin farin dalma da farin titaniyom, an kuma maye gurbin jan makuri da jan kadmiyom ko wani ja mai haske. Baƙin kuma yanzu daga ƙashin dabbobi ake yinsa, ba hauren giwa ba.

Mutanen wannan yanki sun san illar dalma. A 2010 gubarta ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara da ke Najeriya, sakamakon sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje. Har yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya na gargaɗi kan fentin gida mai ɗauke da dalma, don haka mai aiki da fentin gwangwani ya kiyayi cin abinci da hannun da bai wanke ba, ya kuma nisanta yara daga wurin aiki.

Atisayen da aka fi bai wa ɗalibai mai sauƙi ne. Ana jan layuka a kan allo ko ƙyalle a fitar da ƙananan gidaje kamar na dara. A layin sama a sa launi tsantsa ko haɗin biyu, misali rawaya kashi biyu da ja kashi ɗaya. A kowane gida da ke ƙasa a riƙa ƙara fari kaɗan-kaɗan har a kai ga mafi haske.

Idan aka gama, ɗalibi zai ga gomman launuka da suka fito daga huɗu, kuma allon zai zama masa abin dubawa duk lokacin da yake neman wani launi. Mataki na gaba shi ne ya ɗauki hoton ɗaya daga cikin zane-zanen Zorn, waɗanda gidajen tarihi suka sa a intanet, ya yi ƙoƙarin haɗa kowane launi da ya gani, yana gwadawa kusa da na asali.

Komawa gida

A 1896 Zorn da matarsa suka bar Paris suka koma Mora. Tun a 1886 ya sayi fili kusa da cocin garin, ya sa aka ɗauko ɗakin katako daga gonar kakansa aka kafa a wurin. A hankali ya yi ta faɗaɗa shi har ya zama gidan da ake kira Zorngården.

Ya zuba dukiya mai yawa a yankin. Shi da Emma sun tallafa wajen kafa makarantar ilimin manya ta Mora a 1907, da ɗakin karatu, da gidan renon yara, da ƙungiyar masu sana'ar hannu.

Da ya ga kiɗan gargajiya na ƙauyukan yankin yana neman ɓacewa, sai ya shirya gasar makaɗa da masu busa ƙaho a Gesunda a 1906. Ana ɗaukar wannan gasa a matsayin mafarin farfaɗo da kiɗan gargajiya a Suwidin, kuma har yau akwai lambar yabo ta makaɗa da ke ɗauke da sunansa.

Ya kuma sayi tsofaffin gidajen katako kusan 40 ya tara su wuri guda don kada salon ginin kakanni ya salwanta. Bai manta da sassaƙa ba: mutum-mutumin Sarki Gustav Vasa da aka kafa a Mora a 1903 aikin hannunsa ne.

Rayuwar tasa ba ta rasa tabo ba. Wani babban kaso na ayyukansa hotunan mata ne tsirara, da yawansu ƴan matan ƙauye masu ƙaramin ƙarfi, kuma har yanzu ana muhawara a Suwidin kan yadda attajiri mai suna irinsa ya yi hulɗa da su. Zamansa da Emma ma ya yi tsami a shekarun baya-bayan, ko da yake ba su rabu ba. Ba su haihu tare ba.

Lafiyarsa ta taɓarɓare a ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu a Mora ranar 22 ga watan Agustan 1920 yana da shekara 60.

Ma'auratan sun yi wasiyyar bar wa gwamnatin Suwidin gidansu da dukiyarsu da tarin zane-zanen da suka mallaka. Emma ta tsaya kai da fata har aka buɗe gidan tarihi na Zorn a Mora a 1939, sannan ta rasu a 1942.

A watan Yunin 2010 an yi gwanjon wani zanensa na fentin ruwa mai suna Sommarnöje, wanda ya yi a 1886, kan kuɗin Suwidin krona miliyan 26. A lokacin babu wani zanen ɗan ƙasar da aka taɓa saya da tsada haka a gwanjo.